'Yar Wa Za Ta Wanke Raunin?



Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani bawan Allah daga cikin masu sayar da albasa ya tsaya a barandar masallaci bai tafi gida ba. Da jama'a suka ragu sai ya matso inda dattawa ke zaune, ya ce yana da magana. 'Yarsa ta biyu ta gama karatun aikin jinya, ta ci jarrabawa, an ba ta takardar izinin aiki, yanzu kuma ta samu gurbi a wani asibitin sojoji. Shi da ya biya kuɗin makaranta shekara uku da ribar albasa, murna ya kamata a ce yana yi. To amma yayyensa na gida sun bugo waya sun ce ba da yawunsu ba, dangin yaron da ke nemanta kuma sun fara ja da baya. Maganar da ake faɗa masa ɗaya ce: 'ya mace, budurwa, a cikin bariki, tana taɓa jikin ƙartin maza, har da aikin dare. Ya ce, "Ni dai a gaya mini gaskiya. In haramun ne in hana ta. In ba haramun ba ne, in san abin da zan ce wa yayyena."

Hirar ta kai kusan ƙarfe 11 na dare, kuma ba a tashi da baki ɗaya ba. Ya yarda mu kawo maganar a wannan takarda muddin ba a ambaci sunansa ba, don mun san ba a gidansa kaɗai take ba.

Mu fara da abin da Malam ya buɗe mana a littafi, don shi ne mai sauƙin. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin Yaƙin Handak, da ƙabilu suka yi wa Madina ƙawanya, kibiya ta samu Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, a babbar jijiyar hannu. Ba a kai shi gidansa ba. Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a wata hema da ke cikin masallacinsa, don ya riƙa duba shi daga kusa. Masu tarihi irin su Ibnu Ishaƙa sun ce hemar ta wata mata ce 'yar ƙabilar Aslam, sunanta Rufaida, wadda ta ba da kanta ga jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su, tana neman lada. Ku duba wurin da kyau: cikin masallaci ne fa. Majinyacin kuma namiji ne, babban mutum, ba ma ɗan ƙabilarta ba. A nan Sa'adu ya kwanta har ranar da raunin ya ɓalle, jini ya malala har ya kai hemar maƙwabta, Allah ya karɓi abinsa.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Shekara biyu kafin nan, a Uhudu, an ga Nana A'isha da Ummu Sulaim suna ɗauko salkar ruwa a bayansu suna shayar da waɗanda suka faɗi, su koma su ciko su dawo. A ranar ne Nana Faɗima ta ga jinin mahaifinta ya ƙi tsayawa da ruwa, ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a kan raunin, jinin ya tsaya. Ummu Aɗiyya ta fita yaƙi sau bakwai, tana dafa abinci tana yi wa masu rauni magani. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke shayar da mayaƙa, suna mayar da masu rauni da gawawwaki Madina. Duk wannan yana cikin Buhari da Muslim.

Malam bai ɓoye mana saɓanin ba. Ibnu Hajar, a sharhinsa na Buhari, ya fitar da cewa mace na iya yi wa namijin da ba muharraminta ba magani idan akwai lalura. Ibnu Baɗɗal, wanda ɗan mazhabarmu ne ta Malikiyya, ya ƙuntata: ya fifita muharramai, sannan tsofaffin mata, ya ce in lalura ta kai ga waninsu to a yi ba tare da fata ta taɓa fata ba. Daga nan Malam ya jero sharuɗɗan da muka saba ji: sutura, kada a keɓe mutum biyu a ɗaki, taɓawa ta tsaya iyakar buƙata, inda ya shafi al'aura kuma a nemi nas namiji in akwai shi. Ya ƙara da cewa safar hannu da labule da ɗakin jinya mai gadaje da yawa sun sauƙaƙa abubuwan da magabata suka ji tsoro.

To in haka ne, me ya hana hirar ƙarewa a nan? Abin da ya hana shi ne, damuwar mai albasa ba a littafi take ba. Yayyensa ba su kawo masa aya ko hadisi ba. Abin da suka kawo shi ne "me mutane za su ce". Kuma mutanen nan da ake tsoro, in mun faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne. Mu ne muke zama a rumfa muna cewa nas-nas idonsu ya buɗe, wadda ke aiki a bariki kuwa ba sai an faɗa ba. Ba mu ganta da kowa ba, ba mu da shaida ko ɗaya, balle huɗu. Amma mun faɗa, wani ya ɗauka ya kai gaba, har maganar ta isa gidan surukai.

Wani malamin makarantar boko da ke sallah tare da mu ne ya ce wannan ciwon ba namu ne mu kaɗai ba, ya kawo labarin da ya kamata ku ji. A shekarar 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkawa, daga baya Ingila da Faransa suka shigo bayan Turkawa. Shi ne ake kira Yaƙin Kirimiya, ya kai har 1856. Sojojin Ingila da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo, a jirgin ruwa ake kwaso su, a tsallako Baƙin Teku da su zuwa wani ƙaton bariki a Sukutari, unguwar da yau ake kira Uskudar a birnin Istanbul. Can aka mayar asibiti. A farkon watan Nuwamba na 1854 wata mata mai suna Florence Nightingale ta sauka a wurin da mata 38 masu jinya.

'Yar masu kuɗi ce, kuma iyayenta sun daɗe suna hana ta wannan aiki, saboda a Ingila ta wancan zamani ana ɗaukar jinyar asibiti aikin matan da ba su da mutunci, mashaya giya. Kun ji dai, irin maganar rumfarmu ce. Likitocin soja ma ba su yi maraba da su ba. Abin da suka tarar kuwa: maza kwance a jere cikin kayan da suka zo da su daga fagen fama, jini da laka sun bushe a jiki, ƙwarƙwata da ɓeraye ko'ina, kwatamin najasa na ƙarƙashin ginin ya toshe. Kwalara da atini da zazzaɓi sun fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. A hunturun farko sojoji sama da 4,000 ne suka mutu a wurin.

Hoton da aka fi sani shi ne nata riƙe da fitila tana zagaya gadaje da dare. Amma aikin da ya cinye ranakunta shi ne sayo buroshi da sabulu, sa a goge daɓe, buɗe wurin wanki inda matan sojoji ke wanke zannuwan gado, nemo riguna, gyara kicin don mara lafiya ya samu abin da cikinsa zai karɓa, da rubuta wasiƙa ga iyayen waɗanda suka mutu. A yi adalci kuma: mace-macen ba su ragu sosai ba sai bayan da gwamnatin Ingila ta turo kwamitin tsafta a watan Maris na 1855, aka buɗe kwatamai aka gyara hanyar iska. Ita kanta daga baya ta zauna da lissafi ta gane cewa ƙazantar asibitin ce ke kashe mutanen, ta kuma shafe sauran rayuwarta tana yaƙi a kan haka. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, kuma tsarin da 'yar mai albasa ta yi karatu a kansa yana da jijiya daga can.

Wani abu ɗaya a labarin shi ne ya sa Malam ya gyara zama. Matar nan ta kafa doka cewa daga ƙarfe 8 na dare ba wata nas da za ta zauna a ɗakunan marasa lafiya, maza masu hidima ne ke kwana, ita kaɗai ke zagayawa. Waɗanda suka karya ƙa'ida kuma ta mayar da su gida. Wato ta san halin maza, ta san bakin mutane, kuma ba ta ɗauki ko ɗaya da wasa ba. Sai dai da ta ga haɗarin, doka ta kafa masa, aikin kuma ya ci gaba. Mu kuwa da mun hango haɗari sai mu rufe ƙofa, mu bar mara lafiyan a kwance.

Kuma wa ke kwancen? Tun 2009 ake yaƙi a Arewa maso Gabas, ga na daji a Zamfara da Katsina da Neja. Yaran da ake kaiwa asibitin barikin Maimalari a Maiduguri, ko na 44 a Kaduna, ko na 68 nan kusa da mu a Yaba, da yawansu daga garuruwanmu suka fito. A cikin sahun da za mu tsaya yau akwai wanda ɗansa ko ƙanensa ke sanye da kaki. Ran da aka bugo waya aka ce nakiya ta tashi da motarsu, ba wanda zai tambaya ko mai juya shi a gado mace ce ko namiji. Addu'a za mu yi Allah ya haɗa shi da mai tausayi. Kuma kusan kullum mace ce, don mata sun fi yawa a wannan aiki. 'Yar wani ce. Wani uba ne ya haƙura da surutu ya bar ta. Mun yarda 'yarsa ta kwashe fitsarin ɗanmu, ta wanke masa ruɓaɓɓen rauni, sannan in ɗan namu ya warke ya ce yana son irinta, mu ce a'a, ba a gidanmu ba. Haka muke yi a ɗakin haihuwa: mu ta da jijiyar wuya sai mace ce za ta duba iyali, alhali mun cire tamu 'yar daga makaranta tana aji uku. Malamai sun ce abin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, kamar likitanci da jinya, farilla ne na kifaya, in wasu sun ɗauka ya sauka daga kan saura. To mu mun bar wa wasu sun ɗauka, kuma ko godiya ba mu yi.

A nan ne Baba tsohon soja ya sa baki, wanda kuka sani yana zama kusa da ƙofa saboda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. Ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana saurayi. Ya ce kwana uku ya yi da rauni a cinya kafin a kai shi asibiti, ƙafar ta kumbura tana wari, shi kansa ba ya son jin warin jikinsa. Wata nas ce, ba Musulma ba, ba ta jin Hausa, ta yanke wandon da almakashi, ta riƙa matse mugunya tana wankewa safe da yamma. Ran da ya ɓata shimfiɗa ya rufe fuska don kunya, sai ta ja labule ta gyara shi ba ta ce uffan ba, ba ta kuma bari na gadon kusa ya gane ba. Ya ce, "Alhaji, ku da kuke maganar sha'awa, kun taɓa kwanciya a irin ɗakin nan? Wallahi uwata kawai nake gani." Bai san sunanta ba har yau. Ya ce shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana sa ta a addu'a.

Wani daga cikin masu lodin kayan gwari ya kawo wata magana ta daban, kuma ba mu raina ta ba. Ya ce shi ba taɓawa ce ta dame shi ba. Daga Arewa zuwa nan shinge nawa ake tare tirela, tumatir na ruɓewa, masu kaki na jiran na goro? Ya taɓa shan mari a hannun ɗaya daga cikinsu. Don me 'yar Musulmi za ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa irin waɗannan hidima? Ya ƙara da wadda ta fi nauyi: in ta warkar da shi, ai bindiga zai koma ya ɗauka. In ya harbe wanda bai ji ba bai gani ba, ba ta da kaso a ciki?

Mun juya wannan tambaya sosai. Abin da muka iya cewa shi ne, mai jinya ba alƙali ba ce. Mutumin da aka shigo da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an cire masa takalmi da bindiga, ba ta da hanyar sanin ko shi ne mai marin ko shi ne wanda ya tsaya ya kare wani ƙauye har aka harbe shi. In aka ce sai ta tantance kafin ta tsayar da jini, to ran da ɗayanmu ya faɗi a titin Legas, nas ɗin da aka kai shi wurinta ita ma tana da damar tuna abin da wani Bahaushe ya taɓa yi mata. Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin amfanin hannun da ba ya tambayar asali. A kan wannan ne ma ƙasashe suka rattaba hannu a Janiba tun 1864, cewa sojan da ya faɗi a kula da shi ko na wane ɓangare ne. Abin da zai aikata bayan ya tashi kuwa, shi za a tambaya, kamar yadda ba a tuhumar mai tuwo da laifin wanda ya ƙoshi ya je ya yi sata. Mai kayan gwarin bai gamsu duka ba. Ya ce mai tuwo ba albashin soja take ci ba. Mun bar ta a nan, don akwai gaskiya a ciki da ba mu iya kawar da ita ba.

Tsoro biyu ne muka ga sun cancanci uba ya rasa barci a kansu. Na farko, wurin da ake bin umarni ba musu, yarinya ƙarama na iya haɗuwa da na sama da ita mara tsoron Allah, ta rasa inda za ta kai ƙara. Wannan yana faruwa a bariki, yana faruwa a banki da jami'a, har a shagunan kasuwarmu, in za mu faɗi gaskiya. Maganinsa shi ne ta san tana da uba da 'yan uwa da jama'ar masallaci da za su tsaya mata in ta yi magana. Yarinyar da ta san cewa da ta buɗe baki za a ce "ai dama mun faɗa", ita ce ke yin shiru, kuma shirun nan ne azzalumi ke nema.

Na biyu shi ne rai. A ranar 1 ga Maris 2018 'yan bindiga suka kai hari Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge ta Jihar Borno, suka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi ne da ke aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross, Musulmai, 'yan shekara ashirin da 'yan kai. An kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba na wannan shekarar. Ba ma sojoji suke jinya ba, matan 'yan gudun hijira suke karɓa wa haihuwa. Allah ya jiƙansu. Uban da ya tuna wannan ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ba za mu zarge shi ba. Yana da haƙƙin ya zauna da 'yarsa su duba inda za a tura ta, ya ce nan na yarda, can ban yarda ba. Abin da ba shi da haƙƙi a kai, shi da yayyensa da mu duka, shi ne ya lulluɓe tsoronsa da rigar addini ya ce aikin ƙazanta ne, ko ya bari a ci naman masu yin sa a gabansa yana murmushi.

Shawarar da aka ba mai albasa a daren nan ƙarama ce: ya je da ƙafarsa ya ga wurin, ya ga shugabar nas-nas, ya tambayi yadda ake raba aikin dare, mutum nawa ke kwana a ɗaki, ina ne masauki, ya batun hijabi da lokacin sallah. Ya je ranar Talata, shi da mahaifiyar yarinyar.

Da ya dawo mun tambaye shi, bai yi dogon bayani ba. Ya ce an amsa masa tambayoyinsa, wasu sun kwanta masa, ɗaya ba ta kwanta ba, zai koma a kanta. Sannan ya ce suna wucewa ta wani ɗaki sai wani yaro da aka yanke wa ƙafa daga gwiwa ya ga hularsa, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, sannu da zuwa." Ɗan wani gari ne kusa da nasu. Wata biyu ke nan yana kwance bai samu wanda zai yi doguwar Hausa da shi ba, kuma bai gaya wa mahaifiyarsa batun ƙafar ba, don ya rasa ta inda zai fara. Ya roƙi matar mai albasa ta riƙe masa wayar ta fara yi wa tsohuwar magana, mace da mace. Ta yi. Sun fi rabin awa a bakin gadon.

Har yanzu bai kira yayyensa ba. Ya ce sai bayan Juma'ar nan. Yarinyar kuma an ba ta zuwa ƙarshen wata ta kai takardunta.